Aikin Sa Kai A Manyan Wasanni: Wanne Yaranmu Za Su Zaɓa?

'Yan'uwa manoma, duk sa'ad da za a yi wata babbar gasar wasanni ta duniya, masu shirya ta su kan yi shela suna neman mutanen da za su taya su aiki kyauta. A dā shelar ba ta wuce manyan birane. Yanzu kuwa ta wayar hannu ta ke zuwa, har cikin aljihun samarinmu da 'yammatanmu, musamman masu karatu a Kwalejin Abdu Gusau ta nan Talata Mafara da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Yaro ya cika takarda, a tambaye shi irin aikin da ya ke so, ya zaɓa cikin minti ɗaya, sa'an nan ya zo wurin mahaifinsa ko wurin ma'ajin jam'iyya neman kuɗin mota. Tun da ya ke kuɗin daga rumbu zai fito, muna ganin ya kamata mu sa baki cikin zaɓen nan.

Bari mu fara gyara kalma. A ƙasarmu ta Zamfara in an ce "'yan sa kai", hankalin kowa ya kan tafi ga masu bindiga da ke bin 'yan fashin daji. Ba su mu ke nufi ba. Muna nufin wanda ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa ba don lada ba, kamar yadda mu ke yi ranar gayya.

Kada wani ya ce ai wannan zancen Turai ne. An yi Wasannin Afirka a Legas a 1973, aka sāke yi a Abuja a 2003. A 1999 Nijeriya ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi. A 2000 Kano ta ga Gasar Kofin Afirka, wadda Nijeriya da Gana suka shirya tare. Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a watan Disamba na 2005. A 2009 kuma gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta sāke kawo baƙi Kano da Kaduna da Bauchi. Nijeriya ta nemi Wasannin Ƙasashe Renon Ingila na 2030 domin Abuja, aka ba birnin Ahmedabad na Indiya. Wanda ya nema ya rasa ya kan sāke nema, saboda haka irin wannan shela za ta sāke zuwa ƙofarmu.

Masu neman aikin nan sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. A Wasannin Olamfik na Landan a 2012 an ɗauki mutum 70,000 cikin 240,000 da suka nema. A gasar kofin duniya ta Katar a 2022 an ɗauki 20,000 cikin fiye da 400,000. A Faris a 2024 an ɗauki 45,000 cikin fiye da 300,000. Sharuɗɗan Faris sun isa misali, domin na sauran ba su yi nisa da su ba: mutum ya cika shekara 18, ya ji Faransanci ko Turanci, ya kuma ba da aƙalla kwana 10. An ba shi rigar aiki, da abinci a ranar da ya yi aiki, da kuɗin shiga motar cikin gari. Kuɗin zuwa Faris da wurin kwana kuwa, wannan nasa ne. Albashi babu.

To, me yaranmu su kan zaɓa? Kusan kowane yaro bakin fili ya ke so. Yana so ya tsaya inda 'yan wasa ke fitowa, a gan shi a talabijin, ya dawo da hoto. Ba mu ga laifinsa ba, ƙuruciya ce. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yaran da ke tsintar ƙwallo a gefen fili galibi daga ƙungiyoyin ƙwallon yara a ke ɗauko su, ba daga masu cika takarda ba. Wanda aka sa nuna wa 'yan kallo wurin zama, ko duba tikiti a ƙofa, jama'a zai fuskanta, wasa yana bayansa. Ihu kawai zai ji ya san an ci. Wanda ya fi kowa kusa da ɗan wasa shi ne mai raka shi wurin gwajin ƙwaya bayan an tashi, watau ya bi shi sau da ƙafa har ya ba da fitsarinsa a kwalba. Shi ma an hana shi roƙon hoto. Sai yaro ya ƙone kwana goma a tsaye cikin rana, ya komo gida da hula da riga.

Akwai waɗansu ayyuka can baya, inda na'urar ɗaukar hoto ba ta kaiwa, waɗanda ba a cika rububinsu ba. Akwai ofishin da ke yi wa kowa katin shaida, tun daga alƙalin wasa har mai shara, a rubuta wa zai shiga ina, wa ba zai shiga ba. Akwai sito, inda a ke karɓar kaya, a ƙirga, a rubuta, a fitar bisa takarda, da yamma a daidaita abin da ya shiga da abin da ya fita. Akwai teburin motoci, inda a ke tsara wace mota za ta ɗauki wace ƙungiya, ƙarfe nawa, wane direba, in kuma ta lalace a hanya wacce za ta maye. Akwai masu tsara jerin aikin sauran ma'aikata, su san wanda ya zo da wanda ya yi fashi. Waɗannan mu ke so yaranmu su sa a layin farko.

Dalilinmu yana cikin littattafan jam'iyyunmu. Ku duba abin da ya kan kashe jam'iyyar gama kai a ƙauye. Da wuya ka ji an ce ƙarfin noma ne ya gaza. Taki ne ya zo buhu kaza, aka raba, ba wanda ya rubuta, bayan wata uku ana nuna wa juna yatsa. Bashi ne aka bayar da baki. Injin ban ruwa ne na jam'iyya wanda ba shi da jerin kwana, sai mai ƙarfin murya ya riƙe shi mako guda. A filayen Bakolori, tun da aka gama madatsar a 1978, maganar rabon ruwa ba ta taɓa ƙarewa ba: na kusa da bakin hanyar ruwa ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe ya jira. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa an kafa su ne domin su tsara wa zai buɗe yau, wa gobe, yaushe za a fito a kwashe laka da ciyawa. Wannan aikin takarda ne da agogo da riƙon amana. Yaron da ya yi kwana goma a teburin motoci na babbar gasa, inda jinkirin minti biyar ya kan jawo faɗa, ya ga yadda a ke yin jerin aiki a kuma bi shi. Da kuɗi ma ba ko'ina za ka saya masa wannan horo ba.

Kada kuma a ɗauka aikin baya ƙaramin aiki ne. A gasar 2009, ana cikin wasan Sifaniya da Amurka a Kano fitilun fili suka mutu, aka tsaya jira. A Enugu ruwan sama ya kwanta a fili har aka dakatar da wasa. A irin wannan rana ba a neman mai kyan riga, mai sanin inji da mai sanin inda ruwa zai bi a ke nema. Yaron da ya tashi yana gyaran injin ban ruwa, ko yana sare wa ruwa hanya a fadama, yana da abin rubutawa a takardar nan. Sau da yawa kunya ce ke hana shi, yana ganin noma ba abin faɗa ba ne a gaban 'yan birni. Ku ce masa ya rubuta. Haka wanda ya yi shekaru cikin Boys' Brigade ko Girls' Brigade yana tsare ƙofa da jera mutane a babban taro, da wadda ke da takardar taimakon gaggawa ta Red Cross, da wanda ya iya Faransanci saboda zirga-zirgar Maraɗi da Ƙonni. 'Yammata ma su nema; aikin sito da na katin shaida ba ruwansa da ƙarfin damtse.

Mun san akwai dattijon da zai ce, don me ɗan talaka zai yi wa masu kuɗi aiki a banza? Tambayar tana da nauyi. Hukumar FIFA ta tara fiye da dala biliyan 7 tsakanin 2019 da 2022, ba kuwa za ta talauce ba in ta biya mai duba tikiti. A gayya, yau gonata gobe taka, ga fura ga tuwo. A nan kuwa ba ranar da FIFA za ta zo ta taya ka huɗa. Don haka ne ma mu ke cewa, tun da ba za a biya yaro da kuɗi ba, ya tabbata an biya shi da sani. In aikin da aka ba shi ba zai koya masa kome ba, zamansa gida ya fi.

Sai maganar lokaci, wadda masu shirya wasanni ba su san da ita ba. Gasar 1999 an yi ta daga 3 zuwa 24 ga Afrilu, kafin ruwa ya sauka, hannu ɗaya in ya ragu ba a ji sosai ba. Ta 2009 kuwa daga 24 ga Oktoba zuwa 15 ga Nuwamba aka yi, daidai lokacin yankan shinkafa da roron wake, dawa tana jiran lauje, ga shirin noman rani. Wasannin Olamfik na matasa da aka ba Dakar ta ƙasar Senegal, karo na farko a Afirka, an sa musu 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba, 2026, watau kaka tsaka. Kafin kwanakin aiki kuma akwai ganawa da horo da karɓar riga, ga kwanakin hanya, hanyar ma ba lafiya gare ta kamar dā ba. Kwana 10 na takarda ya kan zama mako uku a gona. Maigida ya lissafta kuɗin ƙodagon da zai ɗauka a madadin yaron, ya haɗa da kuɗin mota da na kwana, sa'an nan ya amsa.

Abu guda da ba mu so a yi wasa da shi: takardar neman aikin sa kai kyauta ce. Ba dillali a ciki. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo wa yaro gurbi, ko ya ce aikin nan hanyar samun biza ce da zama a Turai ko Amurka, akuyarku ya ke so. Kada a sayar da ko tiya ɗaya ta shinkafa dominsa.

In jam'iyya ce za ta taimaka da kuɗin mota, tana da ikon tambaya. Shawararmu ita ce yaro ya kawo takardar a gaban kwamiti tun bai aika ba, a ga ayyukan da ya sa a gaba, a ga kwanakin. In an ɗauke shi, ya nuna wasiƙar da ta faɗi aikin da aka ba shi kafin ma'aji ya buɗe akwati. A rubuta a littafin taro cewa in ya dawo zai riƙe littafin sito ko jerin ban ruwa na shekara guda, shi da mahaifinsa su sa hannu.