Rawani a Daura, Tsatsa a Layin Dogonmu

Jama'a, duk lokacin da aka ambaci Rotimi Amaechi a majalisun hirarmu, daga Mile 1 ta Fatakwal har bakin gadar Anacha, sai ka ji wani ya ce, "Ai namu ne, Ɗan Amanar Daura ne fa!" To, mun ji. Amma a zo a yi lissafi tukuna.

Mutumin nan daga kujerar majalisar jiha ya faro. A 1999 mazaɓar Ikwerre ta tura shi Majalisar Dokokin Jihar Ribas, ya yi shekara takwas yana kakakinta. A watan Oktoba 2007 Kotun Ƙoli ta sauke Celestine Omehia ta ba shi kujerar gwamna, ya riƙe har 2015. Shi ya jagoranci kamfen ɗin Buhari a 2015 da 2019, ya kuma riƙe ma'aikatar sufuri daga 2015 zuwa 2022.

Ba za mu ci haƙƙinsa ba. A zamaninsa aka buɗe jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2016, da na Legas zuwa Ibadan a 2021. A shekarar ce aka ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi. An kafa Jami'ar Sufuri a Daura, Sarkin Daura kuma ya naɗa masa rawani a 2022.

Amma ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Namu layin shi ne na Gabas, wanda ya tashi daga Fatakwal ya bi Aba, Umuahia, Inugu, Makurɗi, Kafanchan, Bauchi, Gombe har Maiduguri. Turawa sun kai shi Inugu a 1916 saboda kwal, kuma ta kansa da yawa daga cikin kakanninmu suka sauko da shanu da kayan gwari. A Maris 2021 aka yi bikin ƙaddamar da gyaransa. Amaechi ya bar ofis jirgi bai tashi daga Fatakwal zuwa Arewa ba. Sai a 2024 ɗan guntun Fatakwal zuwa Aba ya fara aiki. Har yau albasarmu da tumatirinmu a tirela suke tahowa, kowane shinge a tsaya a biya, kaya su ruɓe a hanya, direba ya kwana da fargaba.

Wani zai ce kuɗi ne babu, bashin da aka sa rai bai zo ba. Ƙila haka ne. To amma ina aka samo na sauran layukan? Ɗan siyasa inda ƙuri'a take nan yake kai aiki. Amaechi yana hangen kujerar shugaban ƙasa, kuma a zaɓen fid da gwani na APC a Yuni 2022 ya zo na biyu da ƙuri'a 316, bayan Tinubu mai 1,271. Mai wannan buri fadar sarakuna da gidajen gwamnonin Arewa zai nufa. Me zai kawo shi zangonmu?

Nan ne laifin ya dawo kanmu, kuma wallahi sai mun faɗa. Mutum ya shekara talatin a Inugu, a nan ya yi aure, a nan yake biyan kuɗin rumfa da haraji, amma katin zaɓensa na wata rumfa ne a Sakkwato ko Katsina. Zaɓe ya matso, mu cika motoci mu tafi gida. Ranar da za a tashi kasuwa ko a rushe mahauta, wa zai miƙe a majalisa ya yi magana dominmu? Wanda ba mu zaɓa ba?

Mun san dalilin tsoron. Wanda ya ga abin da ya faru a Anacha a Fabrairu 2006 ba a yi masa wa'azin hattara. Sai dai gudun nan bai taɓa kare dukiyar kowa ba. Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ce sai ɗan asalin jiha zai tsaya takarar majalisar jiha ba: ɗan Najeriya, shekara 25, karatun sakandare, da jam'iyyar da ta tsayar da shi. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga Sifawa, ya zama magajin garin Inugu na farko ta hanyar jam'iyyar NCNC. Da ƙuri'a ya samu, Ibo da Hausawa suka taru a bayansa.

Kujeru 32 ne a majalisar Ribas, 30 a Anambra, 24 a Inugu. Kowanne mai kujera yana ƙidaya rumfunan da suka kai shi. Don haka muna kira ga Sarakunan Hausawa, limamai, shugabannin mahauta da 'yan gwari: da zarar INEC ta buɗe rajista, a tara jama'a a dawo da katuna inda muke kwana. Mu shiga taron jam'iyya na mazaɓa, mu fara da kansila. Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon baya, ko da rawani goma ne a kansa, mu zaunar da shi mu tambaye shi ranar da jirgi zai tashi daga Fatakwal ya isa Kafanchan. Allah Ya sa mu gane.