Tukuicin Ma'aikatan Jirgin Sama A Zamanin Da Kuɗi Suka Koma Cikin Waya

A ƙasar Amurka akwai wata 'yar al'ada tsakanin ma'aikatan jiragen sama wadda fasinja ba ya ganinta, domin kuwa tana faruwa ne bayan kowa ya sauka ya kama gabansa. Idan matuƙan jirgi da masu kula da fasinjoji suka isa garin da za su kwana, akwai ƙaramar motar otal da kan zo ta kwashe su daga filin jirgi, ta kuma komo da su idan lokacin tashi ya yi. Direban motar nan shi ke ɗora jakunkunansu, shi ke sauke su. Bisa al'ada, kowane ma'aikaci yakan miƙa masa dala guda a kowace ɗauka, ko da yake a 'yan shekarun nan da tsadar rayuwa ta ƙaru wasu sun mayar da ita dala 2. Wannan ba doka ba ce, amma duk wanda ya sauka ya wuce bai miƙa kome ba, abokan aikinsa sukan lura da shi.

To, yanzu wannan al'ada ta shiga wani hali, kuma ba rowa ce ta jawo ba. Abin da ya faru shi ne takardar kuɗi ta fara ɓacewa daga aljihun mutane. Binciken da Babban Bankin Amurka ke yi kowace shekara ya nuna cewa a 2016 kashi 31 cikin 100 na biyan kuɗin da jama'a ke yi da tsabar kuɗi ne, amma a 2024 abin ya sauko zuwa kashi 14. Su kansu kamfanonin jiragen suna cikin waɗanda suka riga kowa juya wa tsaba baya, domin tsakanin 2008 da 2010 manyansu irin su Southwest da American da United da Delta suka daina karɓar takardar kuɗi a cikin jirgi, sai kati. Saboda haka matashin da ya kama aikin jirgi a yau yana iya yin mako guda cur bai taɓa takardar dala da hannunsa ba. Da kati yake sayen abinci, da waya yake biyan mota. Sai ya sauko daga motar otal da tsakar dare, ya laluba aljihu, ya tarar babu abin da zai miƙa wa mutumin da ya ɗaga masa jaka.

Mai karatu yana iya cewa, mene ne abin damuwa a kan dala guda? Amsar tana cikin yadda aka tsara ladan ƙwadago a wannan ƙasa. Dokar gwamnatin tarayyar Amurka ta yanke dala 7 da santi 25 a matsayin mafi ƙarancin ladan aikin awa guda, kuma tun 2009 ba a ƙara ba. Amma ga ma'aikacin da aka san yana samun tukuici a kai a kai, dokar ta yarda mai gidansa ya biya shi dala 2 da santi 13 kacal, muddin tukuicin zai cike giɓin. Wannan adadi yana nan inda yake tun 1991. Gaskiya ne jihohi da dama sun ɗaga nasu ladan sama da haka, wasu ma kamar Kalifoniya ba su yarda a rage wa ma'aikaci lada saboda tukuici ba sam. Duk da haka, ko a inda albashin ya fi dama-dama, mai ɗaukar direba ko ɗan dako aiki yakan sa tukuici cikin lissafinsa tun ranar da ake yanka lada. Abin ya yi jijiya har ta kai a watan Yuli na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan dokar da ta ba masu wannan irin aiki damar cire tukuicin da ya kai dala 25,000 daga kuɗin da ake yi musu lissafin harajin tarayya a kai, daga 2025 zuwa 2028.

Watau ke nan abin da Bahaushe ya sani da tukuici ya ɗan bambanta da na can. A ƙasar Hausa, idan aka aiko yaro da kyauta, wanda aka kawo wa yakan ba ɗan aiken wani abu don nuna jin daɗi, shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukuici. A Amurka kuwa tukuici wani yanki ne na albashin ma'aikaci wanda aka ɗora wa abokin ciniki biya. Direban da ke zirga-zirga tsakanin otal da filin jirgi tun daga asuba, idan ya ɗauki ayari goma na mutum biyar-biyar, kowa ya ba shi dala guda, ya tashi da dala 50 ke nan. Idan rabinsu suka ce ba su da canji, rabin wannan kuɗi ya tafi, alhali babu wanda ya zauna ya yanke shawarar rage masa lada.

Har ila yau, aikin direban nan ya fi ƙarfin ɗaukar jaka. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta wajabta hutun awa 10 ga matuƙa tun 2014, ta kuma tabbatar da irinsa ga masu kula da fasinjoji a 2022. Duk mintin da ayari ya ɓata yana tsaye a bakin titi cikin sanyi yana jiran mota, daga barcinsa aka ɗebe shi. Haka nan idan motar ta makara da asuba, jirgi mai ɗauke da mutane sama da ɗari ne zai makara. Don haka tsofaffin matuƙa sukan ja wa sababbi kunne cewa direban da ya san ayarin kamfani kaza ba ya mantawa da shi, ba zai bar su suna jira ba.

Amma fa su ma ma'aikatan jirgin ba dukansu ne masu hali ba. Kyaftin da ya daɗe a babban kamfani yana cikin masu albashi mai tsoka a ƙasar. Sabuwar ma'aikaciyar da ke kula da fasinjoji kuwa labarinta dabam ne. Shekara da shekaru tsarin da yawancin kamfanoni ke bi shi ne ba a fara lissafa mata lada sai an rufe ƙofar jirgi, ana buɗewa kuma lissafi ya tsaya. Duk wahalar shigar da fasinjoji da shirya musu kaya kyauta take yi. Sai a watan Yuni na 2022 kamfanin Delta ya fara biyan rabin lada na wannan lokaci, daga baya wasu suka biyo sahu. Ana ba ta 'yan kuɗin guzuri na kowace awa da ta yi ba ta gida, amma daga ciki za ta ci abinci a garin da ba ta san kowa ba. Tafiyar kwana huɗu tana nufin kwana uku a otal, watau shiga mota sau shida. Idan dala bibbiyu ce, dala 12 ke nan, kuma a wata za ta yi irin wannan tafiya sau uku ko huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa wasu kyaftin-kyaftin masu dattako sukan riga kowa sauka su miƙa wa direba na ayarin gaba ɗaya. Babba juji ne, kuma a nan ne girman nasa ke bayyana.

Daga nan sai tambaya ta biyu, wadda ta fi shafar fasinja: shin ita mai kula da fasinjojin ana ba ta tukuici? A yawancin kamfanonin duniya amsar ita ce a'a, kuma da yawansu sun hana ma'aikatansu karɓa. Wannan yana da tarihi. A zamanin jiragen ƙasa na kwana na kamfanin Pullman, baƙaƙen fata ne ke hidimar fasinjoji a kan ɗan lada ƙalilan, rayuwarsu ta dogara ga abin da fasinja ya ga dama ya miƙa, har sai da suka kafa ƙungiyar ƙwadago a 1925 a ƙarƙashin A. Philip Randolph. Sufurin jirgin sama ya bi wata hanyar dabam. Mace ta farko da ta yi wannan aiki, Ellen Church, wadda ta fara a 1930 da kamfanin Boeing Air Transport, ma'aikaciyar jinya ce, haka ma sauran bakwai da aka ɗauka tare da ita. Tun daga tushe an ɗauki aikin a matsayin na kare lafiya. Har gobe dokar Amurka ta ce kowane kujeru 50 sai an sa ma'aikaci guda, kuma ba a amincewa da sabon samfurin babban jirgi sai an tabbatar za a iya fitar da kowa daga cikinsa a daƙiƙa 90. Ranar da jirgin US Airways ya sauka a kan kogin Hudson a watan Janairu na 2009, mata uku masu wannan aiki ne suka jagoranci fitar da mutane, kuma duka mutum 155 suka tsira da rayukansu.

Kamfanin Frontier, mai arhar tikiti, ya saɓa wa wannan tsari. Na'urar da ake biyan kuɗin abin sha da ita a jiragensa ta tanadi gurbin ƙara tukuici, kuma daga farkon 2019 ya bar kowane ma'aikaci ya riƙe abin da aka ba shi maimakon a tara a raba. Shugabar babbar ƙungiyar ma'aikatan, Sara Nelson, ta fito ta nuna rashin amincewa, bisa hujjar cewa aikinsu na ceton rai ne, kuma albashi ya kamata a gyara. Hujjarta tana da ƙarfi. Wadda za ta umarci fasinja ya ɗaura ɗamara, ko ta hana shi ƙarin giya idan ya fara fita hayyacinsa, bai dace ta zama tana duban hannunsa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Fasinjan da ya ji daɗin hidima yana da hanyoyin da suka fi kuɗi amfani: ya yi godiya da baki, ya riƙe sunan ma'aikaciyar, ya rubuta wa kamfani takardar yabo wadda za ta shiga fayil ɗinta.

Ana iya cewa ai waya ta warware matsalar direba, tun da akwai manhajoji irin su Venmo da Cash App da Zelle, wasu direbobin ma sun manna ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya a bayan kujera. Lalle ya taimaka, amma bai rufe ƙofa ba. Venmo da Zelle sai mai asusun banki a Amurka, saboda haka ayarin da ya taso daga Turai ko Afirka ko Gabas ta Tsakiya ba shi da hanyar shiga. Na biyu, aika kuɗi ta waya yakan nuna wa wanda aka aika wa sunan mai aikawa, kuma ba kowace mace ce za ta so baƙon namiji ya san cikakken sunanta da otal ɗin da take kwana ba. Na uku, mutum biyar da suka gaji, kowa na latsa waya a bakin mota da ƙarfe ɗaya na dare, galibi sai a ƙare da “zan turo daga baya”, kuma kowa ya san inda irin wannan alkawari ke kwana. Takardar dala guda ba ta bukatar caji, ba ta bukatar intanet, miƙa ta kuma bai wuce ƙiftawar ido ba. Abin da kawai take bukata shi ne tanadi, domin na'urorin cire kuɗi na can galibi takardar dala 20 suke bayarwa, sai mutum ya nemi canji a kantin filin jirgi ko a teburin karɓar baƙi na otal.

Mutumin Nijeriya ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Babban Bankin Nijeriya ya fara shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Ikko a 2012, sa'an nan a ƙarshen 2022 ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. A watannin farko na 2023, lokacin da kuɗi suka yi ɓatan dabo, babban ɗan kasuwa ya ci gaba da cinikinsa ta waya. Waɗanda suka ji jiki su ne ɗan dako a tasha, da mai turin baro a kasuwa, da mai gadin mota, da tsohuwa mai ƙosai, watau mutanen da abincinsu ke zuwa ta hanyar 'yan canjin da suka rage a aljihun wani. Abin da ya same su da ƙarfi cikin makonni kaɗan, shi ne yake samun direban motar otal a Amurka sannu a hankali.

Ga wanda tafiya ta kama zuwa can, ko ma'aikacin jirgi ne ko fasinja, ƙa'idar ba ta da wuya. Ya tanadi takardun dala ɗaiɗai kamar goma ko ashirin, ya ware su dabam da sauran kuɗinsa. Direban motar otal dala guda ko biyu. Mai gyaran ɗaki a ajiye mata 'yan daloli kowace safiya, domin wadda ta gyara yau ba lalle ita za ta gyara gobe ba. A gidan abincin da ake zaunar da mutum a kawo masa, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abincin, kuma wannan ana iya ƙara shi a kati. Kada a ba mutum kuɗin wata ƙasar da ba zai iya canzawa ba. Kada kuma a ɗauka al'adar Amurka ita ce ta duniya, domin a Japan miƙa tukuici kan jefa ma'aikaci cikin kunya, har ya bi mutum da gudu ya mayar masa da kuɗinsa. Jami'in gwamnati mai kaki kuwa, a kowane filin jirgi yake, abin da aka sa masa a hannu yana da wani suna dabam, kuma kowa ya san sunan.

Maganin gaskiya dai yana hannun masu otal da kamfanonin jiragen da ke ba su kwangila: su biya direba ladan da zai riƙe shi ba tare da ya dubi aljihun kowa ba. Amma kafin ranar ta zo, rashin canji bai isa ya zama uzuri ba ga wanda ya san tun daga gida cewa wani zai ɗaga masa jaka a ƙarshen tafiya. Wanda bai manta da fasfo da abin cajin waya ba, bai kamata ya manta da haƙƙin direba ba.

Sai mako mai zuwa.