Kama da Wane Ba Ta Wane: Bugs Bunny Ba Gizon Amurka Ba Ne

Akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a takardun ɗaliban adabin baka, wadda na gaji da ja mata layi da jan biro. Da zarar an ba ɗalibi aikin kwatanta tatsuniyarmu da labaran wasu al'ummu, sai ya rubuta cewa Bugs Bunny, zomon nan na katun, "shi ne Gizon Amurka", ya ɗiga aya, ya wuce. Har a bakin wani abokin aiki na taɓa jin ta a taron ƙara wa juna sani, aka kuma tafa masa. Ni kuwa a ganina kuskure ce, kuma kuskure na lalaci. Mai faɗinta bai zauna ya kalli zomon da idon nazari ba, bai kuma saurari Gizo da kunnen basira ba. Ya ga wayo nan, ya ga wayo can, sai ya ɗaura musu aure.

Mu fara da sanin abin da muke magana a kai. Waɗannan gajerun finafinai ne na zane mai motsi, kowanne minti shida zuwa bakwai, da kamfanonin finafinan Amurka suka yi domin gidajen silima, musamman daga shekarun 1930 zuwa na 1950. Ana haska su kafin babban fim, ga ƴan kallon da suka biya kuɗin shiga, manya da yara. Bugs Bunny ya bayyana da cikakkiyar kamarsa a fim ɗin A Wild Hare na 1940, wanda Tex Avery ya shirya wa kamfanin Warner Bros. A wannan shekarar ce kuma William Hanna da Joseph Barbera suka fito da kyanwa da ɓeran da suka zama Tom da Jerry a kamfanin MGM. Daga baya ne talabijin ya kwashe su ya mayar da su abin rarrashin yara, kuma ta wannan ƙofa suka shigo gidajenmu.

To, wane irin hali ne da wannan zomo? Chuck Jones, ɗaya daga cikin manyan daraktocinsa, ya sha bayyana ƙa'idar da yake bi: dole sai an tsokani Bugs kafin ya rama. Dubi Long-Haired Hare na 1949. Zomo yana zaune yana kiɗansa, wani ƙaton mawaƙi mai girman kai ya zo ya farfasa masa kayan kiɗa, ya ci zarafinsa har sau uku, sannan zomo ya ɗaura ɗamarar ramuwa. A yawancin finafinansa haka abin yake: yana cikin raminsa yana cin karas, maharbi Elmer Fudd ya zura masa bakin bindiga. Bugs ba ya cikin yunwa, ba ya kwaɗayin abin wani, hankalinsa kwance yake ko da wuta na ci, kuma kusan kullum shi ke da nasara. Gwarzo ne da aka zana domin ɗan kallo ya so zama kamarsa.

Yanzu ku tuna Gizon da kakanninku suka ba ku labarinsa. Wa ke tsokanar Gizo? Shi ke tashi da safe cikinsa na ƙugi ya je neman wanda zai cuta. Ku tuna tatsuniyarsa da hankaki. Sun ji tausayinsa, kowanne ya ara masa gashi domin ya tashi tare da su zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa. Da aka isa, duk ɗan ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani, har tsuntsayen suka fusata suka tsige gashinsu suka bar shi a kan bishiya. Ya faɗa ruwa, kadoji suka karɓe shi baƙo, ya saka musu da cinye ƙwansu. Gizo makwaɗaici ne, maci amana, matsoraci idan ta ɓaci, kuma sau da yawa ramin muguntar da ya gina shi ke fara rufta shi. Babu uwar da ke ba da tatsuniya domin ɗanta ya zama Gizo. Muna dariyarsa ne domin mun san akwai ɗan guntunsa a cikin kowannenmu, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Da ɗaliban nan sun yi haƙuri sun kalli finafinan da kyau, da sun ga wanda ya fi cancantar kwatancin yana tsaye kusa da zomon: baƙar agwagwar nan Daffy Duck. Da ya fara fitowa a 1937, ɗan hauka ne kawai mai tsalle-tsalle. A hannun Jones da marubuci Michael Maltese, cikin shekarun 1950, ya rikiɗe ya zama mai hassada da son kai. A Ali Baba Bunny na 1957, ya tarar da kogon dukiya, ya tattake abokin tafiyarsa cikin rami domin ya mallake ta shi kaɗai, ya wulaƙanta aljanin fitila, aka ƙanƙantar da shi ya koma ɗan mitsitsi yana rungume da lu'ulu'u guda. Wannan ai ɗan'uwan mai ɓauren hankaki ne. A Rabbit Seasoning na 1952 kuwa, wanda ya kamata kowane ɗalibin nahawu ya gani, gardama ce ta kaure kan wanda maharbi zai harba. Zomo ya riƙa juya wakilin suna tsakanin "ni" da "shi" har Daffy ya rikice, ya umarci maharbi da bakinsa ya harbe shi. Ga wani abin lura kuma: Daffy yana da tsamin baki, kamar yadda mai ba da tatsuniya ke lanƙwasa harshe idan ya zo kan maganar Gizo. Duk wannan arziki na kwatance an yi asararsa saboda gaggawar kama sunan da ya fi shahara.

Na san hujjar da za a kawo mini. Za a ce bayin da aka kwasa daga Afirka sun tafi da labaran zomo mai wayo zuwa kudancin Amurka, Joel Chandler Harris ya tattara su a littafinsa na Uncle Remus a 1880, saboda haka zomon katun jikan namu ne. Rabin farko na maganar gaskiya ne, kamar yadda Ananse na mutanen Akan a Gana ya ƙetare teku ya zauna a Jamaika. Sai dai ko da an yarda da wannan silsila, zomo ta haifa, kuma mu ma muna da zomonmu da ke wasa da hankalin kura a tatsuniya. Me ya kawo Gizo ciki? Wanda kuma ya yi da'awar gado, shi ke da nauyin nuna hanyar da gadon ya bi, daga bakin wa zuwa teburin wane mai zane. Kamannin fuska ba ya raba gado a gaban alƙali.

Akwai kuma abin da jimlar ke lulluɓewa, wanda ya fi damuna. A 1968 kamfanin United Artists, da ke riƙe da tsofaffin finafinan Warner a lokacin, ya janye guda 11 daga nunawa saboda yadda suka zana baƙar fata cikin izgili. Ɗaya daga cikinsu, All This and Rabbit Stew na 1941, na Bugs ne da kansa, inda yake wasa da hankalin wani maharbi baƙar fata da aka zana a matsayin dolo mai jan ƙafa, ya kuma cinye shi a caca har tufafinsa. A Tom da Jerry ma akwai matar nan baƙar fata da akasari ƙafafunta kawai ake nunawa, wadda aka daina sa ta bayan 1952. Ɗalibin Afirka da ya rungumi wannan zomo ya kira shi ɗan gida, ba tare da ya san wannan babi ba, ya yi wa kansa rashin adalci.

Kada a fahimce ni a karkace. Ina son finafinan nan, ina kuma jinjina wa gwanintar da ke cikinsu, musamman yadda kiɗa da motsi ke tafiya daidai wa daida. Ba a banza Tom da Jerry suka ci kyautar Oska sau bakwai ba. Amma duniyarsu daban take. A katun, dutse ya faɗo wa kyanwa ta baje kamar tabarma, bayan daƙiƙa biyu ta miƙe garau. Babu dangi, babu gari, babu wanda za a ji kunyarsa gobe. Gizo kuwa yana da Ƙoƙi da zai koma wa, akwai sarki da zai gurfana a gabansa, akwai fari da yunwa da suka kore shi daga gida. Laifinsa a cikin jama'a yake aukuwa, shi ya sa yake da nauyi.

Saboda haka, ɗalibai, ga sharaɗina daga yau. Duk wanda zai kwatanta, ya ambaci fim guda da shekararsa, ya kawo tatsuniya guda da inda ya ji ta, sannan ya amsa tambayoyi uku: wa ya fara tsokana, me mai wayon yake nema, kuma wa ya kwana a ciki? Wanda kuma yake son ganin dabbobin zane da suka fito daga ƙasarmu, ya nemi Bon Voyage Sim na 1966, inda Moustapha Alassane na Nijar ya yi amfani da kwaɗi ya yi wa shagalin tafiye-tafiyen shugabanni shaguɓe. A nan akwai aikin kundi da ke jiran mai himma.