Rafin Romi Amana Ne A Wuyanmu

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, yau muna so mu ja hankalinku ga rafin Romi, wanda ya ratsa kudancin Kaduna ya gangara ya zuba a babban kogi.

Sanin kowa ne garin nan daga kada ya sami sunansa, don yawan kadduna da ke kogin. Sa'ad da Turawa suka taso da helkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan cikin 1917, gaɓar kogi da rafukansa daji ne. Yau yaro ya kan girma a Kaduna har ya yi aure bai taɓa ganin kada cikin kogin ba. Ba muna cewa a komo da kadduna inda yara ke wanka ba ne. Abin da ya dame mu shi ne, ɓarnar da ta kore su tana nan tana bin kifi da zalɓe da guza.

Wani sashe na ɓarnar ya fi ƙarfin talaka. Cikin 1980 aka buɗe matatar man fetur kusa da rafin, ruwan aikinta kuwa nan aka bi da shi, har masanan jami'o'i sun sha auna ruwan su yi rubutu a kai. Wannan na hukuma ne, ba kuwa za mu fasa tuna mata ba. Amma akwai ɓarnar hannunmu. Mu mu ke sare itacen gaɓa don girki da gawayi, mu kwashe yashi har gaɓa ta zabtare, mu tara shara da leda a bakin ruwa don damina ta tafi da su. Waɗansu ma su kan zuba maganin ƙwari a ruwa don kama kifi, su kashe babba da ƙarami har da ƙwai.

Saiwar itace ita ke riƙe gaɓa, inuwarsa ke sanyaya ruwan da kifi ke haihuwa a ciki. In an sare shi, ƙasa ta cika rafi, ruwan sama ya rasa hanya ya faɗa gidaje. Wanda ya ga ambaliyar kogin Kaduna ta 2003 da ta 2012 ba ya bukatar dogon bayani. Kayan lambun da a ke nomawa da rani a bakin rafin kuwa kasuwanninmu su ke zuwa, mu saya mu ci da iyalinmu.

To, wa zai tsare rafin? Dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, En'e ce ta keɓe shi cikin 1936, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi cikin 1999 ta sa masa ma'aikata masu albashi. Rafi irin na Romi ba gandun daji ba ne, ba za a aiko masa da ma'aikaci ba. In mutanen unguwa ba su sa kai ba, babu mai yi.

Kada wani ya ce wannan bidi'ar Turawa ce. Malamai sun fi mu sanin cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe ta Rabaza. Littattafan fiƙihu sun ba rijiya da kogi harami, watau filin gefensu wanda ba a barin kowa ya mallake shi ya cuci jama'a. Ya kuma inganta cewa wanda ya dasa itace yana samun ladan sadaka duk ran da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi. A al'adarmu ma, dubi Argungu, inda Sarkin Ruwa ke hana su a Matan Fada sai lokacinsa ya yi.

Ga abin da mu ke roƙo. Malaman allo su ɗebi manyan almajirai ran Alhamis, ranar hutu, a yi gayyar kwashe shara, in damina ta sauka a dasa malmo da giyayya da ɓaure da maɗaci a gaɓa. Attajirai su sayi dashen da kayan shinge, gama itacen da ba a killace ba rabon akuya ne. Masu sayar da kifi su ƙi karɓar wanda aka kashe da guba, in ba mai saye ba mai zubawa. Mai saran itace kuwa, yawanci talauci ya sa shi, a jawo shi cikin aikin, a biya shi ladan ban ruwa da tsaro.

Saura magana ɗaya mai nauyi. Tun rikicin 2000 garin nan ya rabu, yawancin Musulmi suka koma arewacin kogi, Kirista suka fi yawa a kudu, har da Romi. Saboda haka kada kowa ya kwashi almajirai ya nufi gaɓar rafin bai yi sallama da masu wuri ba. A fara zama da masu unguwanni da dattawan Gwari, waɗanda ƙasar ta kakanninsu ce, da shugabannin coci, a yanka rana tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ruwan kuma ɗaya mu ke sha.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.