Gidan Tarihi Ba Na Maza Kaɗai Ba Ne

A filinmu na yau ina so mu tattauna a kan wani abu da yawancinmu muka ɗauka ba ruwanmu da shi, watau gidajen tarihi da bukukuwan da ake shiryawa a cikinsu.

Kowace shekara, ran 18 ga watan Mayu, ana bikin ranar gidajen tarihi ta duniya, kuma tun 1977 ake yin haka. A irin wannan rana gidajen tarihinmu sukan shirya lacca da nunin kaya da wasannin gargajiya, su gayyaci makarantu. Ban da wannan akwai bukukuwan da ke zagayowa da lokacinsu, kamar hawan salla a Kano da Katsina da Zariya, da sallar Gani a Daura cikin watan Rabi'ul Awwal, da bikin kamun kifi na Argungu. Amma idan aka duba taron da ke cikin gidan tarihi a ranar biki, sai a ga manyan ma'aikata a kan kujerun gaba, 'yan makaranta a baya, baƙi da na'urar ɗaukar hoto a gefe. Matan aure kuwa sai ɗai-ɗai. A ganina wannan asara ce, kuma mu ne muka fi kowa yin ta.

Dalilina shi ne, kaso mai yawa na abin da aka adana a waɗannan gidaje aikin hannun mata ne. A gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai ɗaki guda na tukwane da tuluna da randuna daga sassa daban-daban na ƙasar nan, kuma a wurare da yawa ginin tukunya sana'ar mata ce. A Gidan Makama da ke Kano, kusa da fadar sarki, ban da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan zuwan Turawa a 1903, ana nuna kayan ɗakin amarya irin na dā. Su wa suka san sunan kowace ƙwarya da kowane faifai a wannan jere, da wanda ake cin abinci a ciki da wanda na ado ne kawai? Kakanninmu mata ne. Mai jagora yana iya haddace abin da aka rubuta masa, amma tsohuwar da aka yi wa irin wannan jere ranar aurenta ta fi shi sanin maganar.

Haka kuma tarihin da ake bayarwa a wuraren nan cike yake da mata. Wadda ta je rijiyar Kusugu a Daura za ta ji cewa sarauniyoyi ne suka riƙe garin kafin zuwan Bayajidda, kuma Daurama ce ke kan gado sa'ad da ya iso. A ƙasar Zazzau ana ba da labarin Sarauniya Amina da ganuwoyinta. A Sakkwato akwai Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke ɗaukar ilmi su kai wa mata har cikin ƙauyuka. Ko a hawan Daushe na Kano, wanda ke cikin hawan sallar da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024, bisa al'ada sarki yakan tsaya a Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa. Ga kuma Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Ginin tukunya ta koya tun tana yarinya a ƙauyensu, a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, watau Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Yarinyar da ta ga irin aikinta da idonta ba za ta sake raina sana'ar hannu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kayanmu na gado ke ɓacewa daga cikin gidaje. Tsohuwa takan rasu ta bar tasoshin tagulla da kwalla da akushi da adudu da zanen saƙi. Kafin a yi arba'in an raba, abin da ba mai so a tura shi bayan ɗaki, ranar da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo a ɗora masa tasar da ta shekara 80 a kan sikeli, a karɓi kuɗin da bai kai na cefanen yini ɗaya ba. Ƙore kuwa gara ta cinye, mazari yara su yi wasa da shi. Yau idan aka tara 'yan mata goma aka tambaye su mece ce abawa, ko yaya ake shiɓar auduga kafin a kaɗa ta, da wuya a sami biyu da za su amsa. Ba na cewa mu koma cin tuwo a akushi, ko mu watsar da injin niƙa mu koma kan dutse. Allah ya kawo sauƙi, mun gode. Amma a rage amfani da abu daban, a manta da shi ɗungum daban. Wanda bai san inda aka fito ba, kowa ya ce masa kakanninsa ba su iya kome ba sai ya yarda.

Na san abin da waɗansu za su ce. Na farko, ina lokaci? Ga girki, ga wanki, ga reno, ga 'yar sana'a. Gaskiya ne. Amma muna samun lokacin biki da suna da barka da gaisuwar rasuwa, wani lokaci har kwana uku a jere. Ziyarar gidan tarihi ba ta wuce awa biyu, kuma sau ɗaya ko sau biyu a shekara ya isa. Na biyu, kuɗi. Abin da ake biya a ƙofa bai kai kuɗin ankon biki ɗaya ba, ko kusa. Idan matan unguwa ko na makarantar Islamiyya suka haɗu suka ɗauki mota guda, nauyin ya ragu ƙwarai.

Na uku, akwai masu cewa ai gidan gumaka ne. A nan ya kamata a bambance. Lalle a Jos da Kaduna akwai kawunan yumɓu irin na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa, kuma an gano sun haura shekara 2,000. Ba a ajiye su don a bauta musu ba, an ajiye su ne don a san cewa waɗansu mutane sun zauna a ƙasar nan kafin mu, sun iya narka ƙarfe, sun yi zamaninsu sun wuce. Wannan ai abin wa'azi ne ga mai hankali. Wadda kuwa zuciyarta ba ta kwanta ba, tana iya wuce wannan ɗaki. A gidajen tarihin akwai alluna da tsofaffin littattafan malamai da aka rubuta da hannu, akwai kayan doki, akwai kayan saƙa da rini. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ma, wadda ake kai baƙi su gani, ta masallaci ce.

Na huɗu, izinin maigida. A nan roƙona ga iyayen 'ya'yanmu shi ne, kada su tsaya ga ba da izini kawai, su ɗauki iyalin da kansu su kai su. Magidancin da ya kai matarsa da 'ya'yansa Gidan Ɗan Hausa, ya nuna musu inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, ya koya wa yaransa abin da ba za su manta ba, ya kuma faranta wa uwarsu rai da abu kaɗan.

Amma laifin ba namu kaɗai ba ne. Masu kula da gidajen tarihi su ma suna da nasu rabo, kuma ga shawarwarina gare su kafin bikin da ke tafe. Su riƙa sanar da shirye-shiryensu a gidajen rediyo da Hausa, musamman a filayen mata, tun da sauran mako biyu. Takardar gayyata da Turanci da aka aika ofisoshi ba ta isa cikin gida. Su keɓe rana guda ta mata zalla, da mata masu jagora, domin akwai matan da ba za su shiga cunkoson maza ba, kuma suna da gaskiyarsu. Su duba lokaci, kada a sa taro daidai sa'ad da tukunya ke kan wuta. Daga hantsi zuwa azahar, ko bayan la'asar kaɗan, ya fi dacewa. Su rubuta bayanin kaya da Hausa, da boko da ajami, don uwa ta karanta wa ɗanta da kanta. Su tanadi inuwa da wurin zama da ruwan sha da makewayi mai tsabta, saboda masu goyo da tsofaffi.

Babbar shawarar kuwa ita ce, a gayyato tsofaffin mata masu sana'a su zauna su yi aikinsu a gaban jama'a, masu kaɗi da masu saƙar faifai da masu kitso da masu ginin tukunya, a kuma biya su haƙƙinsu yadda ake biyan mai lacca. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu a wannan, domin a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai masu sana'ar hannu suna zaune suna aiki suna sayarwa a cikin harabar gidan. Mazarin da ke kwance cikin akwatin gilashi ba ya koya wa kowa kaɗi, sai an ga hannun da ke juya shi.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, idan malamai suka kai ku ziyara, kada ku mai da ita yawon shan iska da ɗaukar hoto. Ku tafi da littafi da alƙalami, ku rubuta sunan abu biyar da ba ku taɓa gani ba. Idan kun koma gida ku tambayi kaka ko gwaggo yadda ake amfani da su, ku rubuta abin da ta faɗa da ranar da ta faɗa. Idan makarantarku ba ta shirya irin wannan tafiya, ku roƙi shugabar makaranta cikin ladabi ta shirya muku.

Daga ƙarshe, uwargida, kafin ki sayar da tasar kakarki ki sake tunani. Ki wanke ta, ki ajiye wa 'yarki tare da labarinta. In kuma babu wurin ajiya, ki tuntuɓi gidan tarihi mafi kusa da ke ko za su karɓa, a rubuta sunan mai ita da garinsu. Allah ya sa mu dace, ya shiryar mana da zuriya. Sai mun haɗu a fili na gaba.