Zaman Majalisa: Mutumin Da Ya Rubuta Sunaye

 

Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan la'asar, wani dattijo ya kawo kukan an kama ɗansa a hanyar kasuwa, an karɓe masa kuɗi, an tsare shi kwana biyu ba a faɗi laifinsa ba. Na tambaye shi, "Baba, ka rubuta ranar da abin ya faru?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, mu da ake kira baƙi, wa zai saurare mu? Na bar su da Allah." Barin azzalumi da Allah ba laifi ba ne. Amma maganarsa ta tuna mini da Sulaiman Guengueng, shi ya sa na ce wannan watan labarinsa za mu yi.

Sulaiman akanta ne a Hukumar Tafkin Chadi da ke nan Njamena. A 1988, zamanin mulkin Hissene Habre, 'yan sandan ciki na DDS suka kama shi. Ya yi fiye da shekara biyu a tsare, yana ganin abokan zamansa suna mutuwa da yunwa da cuta da azaba. Manyanmu ba su manta da gidan yarin La Piscine ba, wato tafkin wankan Turawa da aka rufe samansa da siminti aka mai da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Ba su manta da abin da ya faru da mutanen kudu a 1984 ba, da Hajarai a 1987, da Zagawa a 1989. Sulaiman ya yi alkawari a cikin kurkuku cewa idan ya fita da rai, sai ya nemi hakkin waɗanda suka mutu.

Habre ya gudu Senegal a watan Disamba 1990, aka buɗe ƙofofin gidajen yari. Mutane da yawa suka gwammace su yi shiru, kuma ba a ga laifinsu ba, domin da yawa daga cikin tsofaffin jami'an DDS suna nan cikin gari, wasu ma suna riƙe da muƙamai. Shi kuwa Sulaiman ya haɗa kai da 'yan uwansa suka kafa ƙungiya, suka bi mutane ɗaya bayan ɗaya suna rubuta suna, da ranar kamu, da wurin da aka tsare mutum, da abin da aka yi masa. Sai da suka tara bayanan mutum 792. Hukumar bincike ta 1992 ta ƙiyasta cewa an kashe mutum 40,000, amma aka ajiye rahotonta, ƙura ta rufe shi. Sulaiman ya ɓoye takardunsa shekara da shekaru yana jira.

Da waɗannan takardu aka shigar da ƙara a Dakar a watan Janairu 2000. Alƙali ya tuhumi Habre, amma a 2001 babbar kotun Senegal ta ce ba ta da hurumi. A wannan shekarar ce aka jefa wa lauyarsu, Jacqueline Moudeina, gurneti a wajen wata zanga-zangar mata a Njamena, ta ji mummunan rauni. Da ta warke ta koma bakin aikinta. A shekarar dai aka gano takardun DDS zube a ƙasa a tsohon ofishinsu, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a hannunsu. Wato azzalumin ma yana rubutawa.

Aka kai magana Beljiyam, aka kai ta Tarayyar Afirka, har a 2012 Kotun Duniya ta ce wa Senegal ko ta yi masa shari'a ko ta miƙa shi. Aka fara shari'a a watan Yuli 2015. Clément Abaifouta, wanda aka tilasta wa binne gawarwakin fursunoni, ya ba da shaida. Mata suka tsaya gaban mutumin da a da ko sunansa ba a iya ambata da ƙarfi, suka faɗi abin da aka yi musu. Ranar 30 ga Mayu 2016 aka yanke wa Habre ɗaurin rai da rai, kuma yana cikin wannan hukunci ya mutu a 2021. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Sai dai kada mu yi wa labarin kwalliya. Kotu ta ce a biya mutum 7,396 diyyar sefa biliyan 82, amma da yawansu sun rasu ba su ga ko dala ba. Abin da gwamnati ta fara biya a 2024 bai kai ko kusa da wannan adadi ba. Shekara 25 aka yi kafin a samu hukunci, kuma har yanzu da sauran aiki.

To, me ya shafe mu? Sulaiman ba lauya ba ne, ba ɗan siyasa ba ne. Abin da yake da shi alƙalami ne da haƙuri da abokan tafiya. Mu Hausawan ƙasar nan muna da al'adar cewa baƙo ba ya ɗaga murya, alhali da yawanmu nan aka binne cibiyarmu, nan kaburburan kakanninmu suke. Hakkin da tsarin mulki ya ba kowa, mu ma ya ba mu.

Shawarata ita ce: idan an zalunce ka, rubuta rana da wuri da sunan wanda ya gani, ko da ajami ne. Adana rasit da takardar asibiti. Yi wa 'ya'yanka takardar haihuwa. Kada ka tafi kai kaɗai, nemi mai unguwa ko ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam. Kuma mu daina kiran masu wannan aiki 'yan neman fitina, domin ran da abin ya zo ƙofarmu, su za mu nema.

Shi wancan dattijo, ya dawo washegari da ɗansa da littafin 'yan makaranta, muka zauna muka rubuta.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.