Iguwazu: Jirgin sama ba shi da hurumi a kan wannan kurmi

Kafin baƙo ya hango magangarar ruwan Iguwazu, ƙararta ce ke fara tarbarsa. Ruwan na zubowa ta wurare kusan 275, a faɗin da ya kai kilomita 2.7, a kan iyakar Ajantina da Brazil. Mafi ban tsoro a cikinsu shi ne wanda ake kira Maƙogwaron Shaiɗan, mai zurfin kimanin mita 80, inda feshin ruwa ke jiƙa mutum sharkaf ko da ya sa rigar leda. Ƙabilar Guwarani ce ta raɗa sunan, ma'anarsa kuwa babban ruwa.

Sai dai akwai wata ƙara da ke gogayya da ta ruwan: jirage masu saukar ungulu da ke ɗaukar masu kuɗi daga ɓangaren Brazil, su yi shawagin 'yan mintoci su sauka. Ajantina ta hana wannan a nata ɓangaren, kuma ita ce da gaskiya.

Dalili kuwa, ba ruwan kaɗai aka keɓe ba. Gandun Ajantina da aka kafa a 1934 da na Brazil na 1939, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1984 da 1986, suna riƙe da ɗaya daga cikin manyan ragowar kurmin Atlantika, wanda noma da birane suka cinye mafi yawansa. A nan damisar Kudancin Amurka ta samu mafaka. A bayan labulen ruwan ma wasu tsuntsaye ke yin sheƙa a jikin dutse. Su ba su da inda za su kai ƙara idan farfela ta dame su, shi kuwa mai yawon buɗe ido hoto kawai zai rasa.

Masu goyon bayan jiragen na cewa kuɗin baƙi ne ke ciyar da garin Foz do Iguaçu, garin da ke da al'ummar Larabawa mai yawa da babban masallaci mai sunan Umar bin Khaɗɗab, don haka Musulmin da ya je ba zai rasa wurin Juma'a ba. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Amma galibin masu zuwa da ƙafa suke shiga, ko ta ƙaramin jirgin ƙasa na ɓangaren Ajantina, su taka gadar ƙarfe har bakin ramin. Otal da kasuwa ba za su durƙushe don an ajiye jirage ba.

Yankin kuma ya taɓa ganin abin da ya fi haka. A kogin Parana akwai wata magangara mai suna Sete Quedas, wadda yawan ruwanta ya zarce na Iguwazu nesa ba kusa ba. A 1982 aka cika tafkin madatsar Itaipu, ta nutse baki ɗaya. Shi kansa gandun Brazil ya shiga jerin wuraren da UNESCO ta ce suna cikin haɗari a 1999, saboda wata hanyar mota da aka sake buɗewa ta tsakiyar kurmin, bai fita ba sai 2001 da aka rufe ta. Har yau akwai 'yan siyasar da ke neman a sake buɗe hanyar.